2.3 Tarihin Binciken Guringuntsi da Sinadarin Kalsiyam

A ƙasar Hausa, ciki har da ƙauyukan bakin iyaka irin su Araba ta ƙasar Illela, an daɗe da sanin cewa mai ɗori yana iya haɗa karyayyen ƙashi, amma ciwon gaɓɓai ya fi ƙarfin karan ɗori. Wannan sashe zai bi diddigin yadda masana suka gano dalilin haka.

Tun a shekarar 1743 likitan nan William Hunter ya bayyana a Landan cewa guringuntsi idan ya lalace ba ya komawa yadda yake. Dalili kuwa shi ne, guringuntsin gaɓa ba shi da hanyoyin jini, ba shi da jijiyoyin ji. To, ta yaya ƙwayoyin halittar da ke cikinsa suke sanin an ɗora wa gwiwa nauyi?

Bakin zaren ya fito ne daga wani wuri dabam. A 1883 Sydney Ringer ya lura cewa zuciyar kwaɗo tana ci gaba da bugawa a cikin ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan famfon Landan, amma tana raunana idan da tataccen ruwa aka haɗa shi. Bambancin shi ne kalsiyam. Daga nan aka fara fahimtar cewa amfanin wannan sinadari bai tsaya ga ginin ƙashi ba.

A shekarar 2000 aka gano wata ƙofa a jikin ƙwayar halitta mai suna TRPV4, sannan a 2010 ayarin Ardem Patapoutian ya gano Piezo1 da Piezo2, aikin da ya ba shi lambar Nobel a 2021. Binciken Jami'ar Duke ta Amurka a 2014 ya nuna cewa matsakaicin nauyi yana sa kalsiyam ya shiga ta TRPV4, ƙwayar ta ƙara gina guringuntsi. Matsi mai tsanani kuwa ƙofofin Piezo yake buɗewa, har ƙwayar ta mutu. Da aka toshe su da wani sinadari daga dafin gizo-gizo, sai mutuwar ƙwayoyin ta ragu.

Bisa ga wannan, ana iya cewa motsi abinci ne ga gaɓa, wuce kima kuwa guba ne. Wannan batu ya shafi manomi da ɗan dako a kasuwar Illela kai tsaye, domin gwiwa ita ce jarinsu.