Yadda Aka Gano Ƙirar Ma'aikacin Ganye

Kowane manomi ya san shuka ba ta girma sai da ruwa, da rana, da ƙasa mai kyau. Amma in an busar da kara ko hatsi, akasarin abin da ya saura daga iska aka gina shi. Ganye yana kama wata iska da ake kira kabon dayoksaid, watau irin wadda mutum yake fitarwa in ya numfasa, ya mai da ita sukari. Mai kama iskar nan kuwa wani furotin ne, sunansa Rubisco. Shekara arba'in masana suka yi suna bin sawunsa kafin su ga yadda aka ƙera shi.

A cikin 1947 waɗansu masana biyu na Amurka, Sam Wildman da James Bonner, suka niƙa ganyen alayyafon Turawa suka tace. Sai suka tarar wani furotin guda ya fi sauran yawa ƙwarai. Ba su san aikinsa ba, suka sa masa suna Kashi na Ɗaya. A zamanin nan kuma Melvin Calvin da abokan aikinsa, Andrew Benson da James Bassham, suna Jami'ar Kalifoniya suna bincike da gansakuka, har suka gano hanyar da iskar take bi ta zama sukari. Aka ba Calvin kyautar Nobel a 1961. Sannu a hankali aka gane ashe furotin ɗin Wildman shi ne mai buɗe wannan hanya.

To, sanin aiki daban, ganin ƙira daban. Abin ya yi ƙanƙanta, har madubin likita ba ya nuna shi. Dabarar ita ce a sa shi ya daskare ya zama ƙwaya mai kusurwa kamar gishiri, inda miliyoyinsa za su jeru sahu sahu. Sa'an nan a haska ƙwayar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi a asibiti. Hasken ya watse ya bar ɗigo ɗigo, daga ɗigon nan a lissafa inda kowane yanki yake. A 1971 Nobumaro Kawashima na Japan da Wildman suka ba da labarin sun sami irin wannan ƙwaya daga ganyen taba.

Duk da haka lissafin ya ci shekaru. A 1986 masanan Uppsala, a ƙasar Suwidin, suka nuna ƙirar Rubisco na wata ƙwayar bakteriya, mai yanki biyu kaɗai. A 1987 da 1988 David Eisenberg da mutanensa a Amurka suka nuna ta ganyen taba. Shi ne ma ya raɗa sunan Rubisco a 1979, ran da ake taron sallamar Wildman daga aiki. A 1989 kuma mutanen Uppsala suka nuna ainihin wurin da aikin yake gudana.

Ga abin da aka gani. Rubisco na shuka yanki goma sha shida ne, manya takwas, ƙanana takwas. Manyan suna haɗe biyu biyu, kan wannan wajen ƙafar wancan, sun kewaya sun yi kamar ganga. Ƙananan kuwa huɗu a sama, huɗu a ƙasa. Bakin da ke kama iska yana daidai mahaɗar manya biyu, saboda haka babba ɗaya ba ya aiki shi kaɗai. Bakunan takwas ne, kowanne yana bukatar ma'adinin magniziyam. Wani abin mamaki, an gano tun 1972 cewa a jikin taba manyan yankuna daga uwa kaɗai ake gadonsu, ƙananan kuwa daga uwa da uba.

Amma ma'aikacin nan yana da aibu biyu. Na fari, nawa gare shi: kowane baki ba ya kama fiye da ƙwayar iska kamar uku a daƙiƙa, don haka ne ganye yake tara shi da yawa. Na biyu, a 1971 George Bowes da William Ogren suka gano yakan yi kuskure ya kama oksijin, shuka ta yi hasarar ƙarfinta. In zafi ya ƙaru, kuskuren ya ƙaru. Dawa, da gero, da masara, da rake suna da dabarar tara masa iskar da yake bukata, shi ya sa suke jin daɗin rana mai zafi. Shinkafa, da alkama, da gyaɗa, da wake ba su da ita.

Wannan ne dalilin da masana ba su bar shi ba. A 2017 waɗansu a Jamus suka iya harhaɗa Rubisco na shuka a cikin bakteriya, domin a riƙa gwada gyaransa da sauri. Maƙeri ba ya gyara garma sai ya san yadda aka ƙera ta. Ƙira dai an gan ta, sauran gyara, kuma in ya yiwu, gona guda za ta ciyar da mutane fiye da na da.