Tarihin Wasannin Tatsuniya na Taron Jama'a a Intanet

Waɗannan wasannin kwamfuta ne da dubban mutane ke shiga a lokaci guda, kowa daga inda yake zaune, su haɗu a wata ƙagaggiyar duniya mai dodanni da matsafa da birane masu ganuwa. Kowane ɗan wasa yana da gwarzonsa, ko mayaƙi ko mai sihiri ko mai warkarwa, yana renonsa tsawon watanni ko shekaru. Da haruffan MMORPG aka fi saninsu. Abin da ya bambanta su da sauran wasanni shi ne duniyarsu ba ta tsayawa don wani ya kashe kwamfutarsa. Kasuwa tana ci, yaƙi yana gudana, in mutum ya dawo washegari sai ya tarar an yi abubuwa a bayan idonsa.

Saɓani kan mafari

Marubuta ba su haɗu a kan wasan da ya fara ba. Wasu sukan ce Ultima Online na 1997, wasu su ce Meridian 59 na 1996, mutanen Koriya ta Kudu kuma su nuna Nexus da ya fito a shekarar nan ta 1996. Akwai masu komawa ga Neverwinter Nights da kamfanin AOL ya gudanar daga 1991 zuwa 1997, da masu tunatarwa cewa ɗalibai sun yi irin waɗannan wasanni a tsarin PLATO na Jami'ar Illinois tun shekarun 1970. Kowane ɓangare yana da hujjarsa. Wannan maƙala ta ɗauki 1978, domin daga nan ne kaɗai ake iya bin salsala mutum bayan mutum har zuwa wasannin yau.

Essex, 1978

A shekarar 1978 wani ɗalibi a Jami'ar Essex ta Ingila, Roy Trubshaw, ya fara rubuta wasan da ya kira MUD a kan babbar kwamfutar jami'ar, samfurin PDP-10. Babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Kwamfuta ce ke bayyana maka da rubutu cewa ga ka a bakin wani gida ko a cikin daji, kai kuma ka rubuta mata inda za ka nufa da abin da za ka ɗauka. An san irin wannan tun wasan Adventure na Will Crowther. Sabon abu shi ne a cikin dajin nan kana iya cin karo da wani ɗan Adam, ya gaishe ka, ko ya taimake ka, ko ya zare maka takobi.

Da Trubshaw ya kammala karatu a 1980 sai ya miƙa aikin ga abokinsa Richard Bartle, wanda ya gina mafi yawan ƙasar wasan, ya kuma tsara matakan ɗaukaka. Ɗan wasa yakan fara ba shi da komai, ya riƙa tara maki har ya kai matsayin babban mai sihiri. Wanda kuwa aka kashe a faɗa, duk abin da ya tara ya tafi. Bartle ya sha bayyana cewa tsarin bambancin aji na Birtaniya ne ya dame su, shi ya sa suka so duniyar da asalin mutum da karin harshensa ba za su hana shi kaiwa inda ƙoƙarinsa zai kai shi ba. Wannan bayani ya cancanci a riƙe shi, don ya fi yawancin abin da aka rubuta daga baya nuna dalilin da ya sa mutane ke manne wa waɗannan wasanni. Jami'ar ta yarda mutanen waje su shigo ta wayar tarho, amma sai da tsakar dare, lokacin da aikin karatu ya lafa. Duk da haka suka riƙa hana idonsu barci suna jira.

Ba su killace dabarar ba, sai ta bazu. A 1987 aka yi AberMUD a Aberystwyth, cikin marubutansa har da Alan Cox wanda daga baya ya yi suna a aikin Linux. Daga nan wasu ɗalibai a Jami'ar Copenhagen ta Denmark suka fitar da DikuMUD a 1991, kuma shi ne ya kafa tsarin da har yau ake bi: a zaɓi sana'ar gwarzo, a haɗa ƙungiya, a kashe dodo, a raba ganima, a hau mataki na gaba. A 1996 Bartle ya wallafa nazarin da ya kasa 'yan wasa gida huɗu, wato masu neman nasara, masu son bincike, masu son zumunci, da masu son murƙushe wasu. Ya nuna cewa in kashi ɗaya ya rinjayi saura, duniyar takan watse.

1997 zuwa 2004

Ultima Online, na kamfanin Origin da Richard Garriott, ya buɗe a watan Satumba na 1997, kuma shi ne ya fara tara masu biyan kuɗin wata har 100,000. Masu tsara shi sun ba mutane 'yanci sosai. Mutum na iya zama maƙeri ko tela ko masunci, ya gina gida, ya buɗe shago, ko ya zama ɗan fashi. Sun ƙago daji mai dabbobi da ke cin junansu bisa tsari, 'yan wasa suka karkashe dabbobin kafin tsarin ya yi aiki. A lokacin gwaji ma wani ya kashe Lord British, sarkin ƙasar, wanda Garriott da kansa ke riƙe da shi. Fashi ya yi yawa har sababbin shiga suka riƙa gudu, dole a 2000 kamfanin ya raba ƙasar biyu: Felucca inda ake kisa, da Trammel inda ba a taɓa kowa sai da yardarsa. Jama'a suka kwarara Trammel. Har yau tsofaffin 'yan wasa na gardama a kan ko ceto aka yi ko ɓarna.

A Koriya, Lineage na 1998 ya bunƙasa a shagunan kwamfuta inda matasa ke zama kafaɗa da kafaɗa suna yaƙin ƙwace fadoji. A Amurka kuma EverQuest ya fito a Maris na 1999. Kamarsa da DikuMUD ta kai har masu shi suka ba da rantsuwa a rubuce a 2000 cewa ba su kwafi aikin ɗaliban Copenhagen ba. Wasa ne mai tsanani, wanda mutum ɗaya ba ya iya nisa a cikinsa shi kaɗai, kuma wannan tsananin ne ya tilasta wa baƙi su dogara da juna, su san wanda ke cika alkawari da wanda ke gudu a bar shi da dodo. A 2001 masanin tattalin arziki Edward Castronova ya lissafa cinikin kayan wasan da kuɗin gaske, ya ce da Norrath, ƙasar EverQuest, ƙasa ce ta haƙiƙa, da ta zo ta 77 a duniya wajen arzikin kowane mutum, tsakanin Rasha da Bulgeriya.

Wasu daga cikin masu tsara World of Warcraft, irin su Rob Pardo da Jeff Kaplan, sun taɓa shugabantar ƙungiyar 'yan wasa a EverQuest. Wasansu ya fito a Nuwamba na 2004, ya sassauta wahalar, ya kai masu biya miliyan 12 a 2010. A Satumba na 2005 wata cutar cikin wasa ta kuɓuce daga inda aka tanade ta, ta bazu a birane. Wasu suka gudu, wasu suka tsaya jinya, wasu suka yaɗa ta da gangan. Masana annoba sun yi rubutu a kan lamarin a mujallar Lancet mai kula da cututtuka masu yaɗuwa a 2007.

Abin da ya ɗore

Illar ba ɓoyayya ba ce. Akwai waɗanda wasa ya cinye musu karatu da aiki da aure, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya jarabar wasan kwamfuta cikin jerin cututtuka. Amma tarihin da ya tsaya a nan bai yi adalci ba. Mats Steen, matashi ɗan Norway mai ciwon shanyewar tsoka, ya rasu a 2014 yana da shekara 25. Iyayensa sun ɗauka ya rayu cikin kaɗaici, sai ga saƙonnin ta'aziyya daga abokan da ya yi shekaru tare da su a World of Warcraft da sunan Ibelin, wasunsu har suka zo jana'izarsa daga ƙasashen waje. An yi fim a kan rayuwarsa a 2024.

Mutane kuma sun ƙi rabuwa da tsofaffin duniyoyinsu. RuneScape, wanda ya fara a 2001, ya dawo da fasalinsa na 2007 a shekarar 2013, kuma a can sai 'yan wasa sun kaɗa ƙuri'a kafin a ƙara sabon abu mai muhimmanci. Kamfanin Blizzard, mai World of Warcraft, ya sa an rufe Nostalrius, wani dandalin masoya da ke gudanar da tsohon World of Warcraft ba da izini ba, a 2016, sannan ya fitar da nasa tsohon fasalin a 2019. Wasu wasannin an rufe su, kamar Star Wars Galaxies a 2011 da Asheron's Call a 2017. Ultima Online da EverQuest kuwa har yanzu ana shigarsu.