Maƙērā

maƙērā [ma-ƙee-raa] *sn., mc.*, *jm.* màƙḕrū; daga *fi.* ƙērā̀.

1. Wurin da ake ƙira; rumfar maƙeri. *Mis.* Ya kai fartanya maƙera a gyara mata baki.

2. (kuma uwar maƙera) Dunƙulen ƙarfen da ake ɗora ƙarfe mai zafi a kai a daka da masaba. *Mis.* An kafa uwar maƙera cikin kututture.

2a. maƙerar gargajiya: turken ƙarfe mai faɗin kai da tsinin gindi, a zaune ake aiki da ita.

2b. maƙerar ƙira gama-gari: samfurin Landan. Ƙugu mai kauri, fuska mai faɗi. Nauyinta ya taru a tsakiya don jure bugu mai ƙarfi. Tana da ƙaho ɗaya, rami mai kusurwa huɗu na kafa kurfi, da rami zagayayye na huda. Girke take wuri guda. *Mis.* A kanta ake ƙera gatari.

2c. maƙerar takalmin doki: ba ta kai 2b nauyi ba, ana ɗaukar ta zuwa barga. Ƙugu siriri, ƙaho babba mai kumburi don lanƙwasa takalmi daidai kofato, gindin baya dogo, marar kauri. Yawanci tana da ɗan ƙaramin ƙaho a gefe na fitar da harshen da ke riƙe takalmi, da ramuka na huda gurbin ƙusa. Ba ta dace da aikin babbar guduma ba. *Mis.* Ya gwada takalmin a kofato, ya mayar da shi kan maƙera.

Dangogi: ƙīrā̀ *sn., mc.*, maƙḕrī *nj.*, maƙērìyā *mc.*, maƙḕrā *jm.*, ƙḕrarrē *sf.*

Dubi: masaba, awartaki, zugazugi.