Ministan sojan ruwa da bai taɓa shiga teku ba

Yau tarihi zan ɗan ja ku, don haka a yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ranar 25 ga Mayu, 1878, aka fara nuna wani wasan barkwanci na waƙe-waƙe a zauren Opera Comique da ke Landan, sunansa H.M.S. Pinafore. W. S. Gilbert ne ya rubuta labarin da baitocin, Arthur Sullivan ya tsara kiɗan, Richard D'Oyly Carte kuma shi ne ɗan kasuwar da ya haɗa su. Irin wannan wasa Turawa ke kira ofareta: a yi magana, a ɓarke da waƙa, a koma magana. Da farko kasuwa ba ta buɗe ba, saboda an yi zafi a Landan a wannan bazara, mutane suka guji cunkoson zaure. Sai da Sullivan ya riƙa saka waƙoƙin a bukukuwan kiɗa na Covent Garden sannan jama'a suka farga. Daga ƙarshe an nuna shi sau 571 a jere.

Labarin a cikin jirgin ruwan yaƙi yake. Josephine, 'yar kyaftin, tana son wani kurtu mai suna Ralph, uban kuwa ya riga ya yi mata miji: Sir Joseph Porter, ministan sojan ruwan Ingila. Shi wannan minista da bakinsa yake rera yadda ya samu muƙamin. Ya fara da ɗan aike a ofishin lauyoyi, yana goge mariƙin ƙofa, ya shiga majalisa yana ɗaga hannu duk inda jam'iyya ta ce, bai taɓa wahalar da kansa da tunani ba, teku kuwa ko sau ɗaya bai shiga ba. Duk inda ya sa ƙafa, ayarin 'yan uwansa mata da gwaggonni na biye da shi.

'Yan kallon 1878 sun san inda aka dosa. Shekara ɗaya kafin nan, a 1877, Firaminista Disraeli ya ba W. H. Smith wannan kujera, mutumin da arzikin gidansu ya fito daga sayar da jaridu da littattafai a tashoshin jirgin ƙasa. Har laƙabin wasan aka manna masa. Ya bar kujerar a 1880, wasan kuwa har yau ana yi.

Ni a YouTube na fara saninsa, na kalle shi ya fi a ƙirga. Amma da ɗaliban sashen kiɗa na makarantarmu suka farfaɗo da shi makon jiya, na ga abin da waya ba ta nunawa. Fiyano ɗaya suka yi amfani da shi, jirgin kuwa katako ne da labule. Sun sa wa ministan babbar riga, da yaro a bayansa riƙe da wayoyi uku. Ko kalma ɗaya ba su canza a waƙarsa ba, amma zaure ya kece da dariya, kowa na taɓa na kusa da shi yana raɗa masa suna. Kowa da ministan da ya tuna.

Su ma wannan 'yancin da suka samu yana da tarihi. A zamanin Gilbert babu yarjejeniyar haƙƙin mallaka tsakanin Ingila da Amurka, sai Amurkawa suka yi ta kwafar Pinafore, ƙungiyoyi fiye da 100, ba su biya ko sisi ba. Wannan ya sa su Gilbert suka tafi New York da kansu, suka fara nuna sabon wasansu, The Pirates of Penzance, a can ranar 31 ga Disamba, 1879. A gida Ingila kuwa kamfanin D'Oyly Carte ya riƙe wasannin gam, sai da izininsa, har haƙƙin rubutun Gilbert ya ƙare a ƙarshen 1961, shekara 50 bayan mutuwarsa. Tun daga lokacin kowa ke iya yi yadda ya so, har a kai ga babbar riga.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙarshen wasan. Wata mai talla, Buttercup, ta tona cewa da can tana raino, ta musanya jarirai biyu: Ralph ne ɗan manya, kyaftin ne ɗan talakawa. Nan take aka sauya musu matsayi. Ministan da ya yini yana wa'azin cewa so ba ruwansa da asali, sai ya ce shi fa ba zai auri 'yar kurtu ba. Masoyan sun yi aure, amma sai da aka gyara wa saurayin asali tukuna. Gilbert bai rushe tsarin ba, ya dai nuna cewa tsarin da kuskuren mai raino zai iya kifarwa ba shi da tushe. Duk wanda ya taɓa jin an ce “a binciko asalinsa” a gidansu ya san zancen bai tsufa ba.

Mu bakwai na ƙirga 'yan Arewa a zauren. Da yawanmu daga aji sai masallaci sai hostal, mu gama shekara huɗu ba mu san ƙofar sashen wasan kwaikwayo ba, wai abin Turawa ne ko na 'yan Kudu. Alhali mu ne masu tashe da wasan Gauta, inda ake kwaikwayon mai mulki a gabansa, a yi dariya, saƙo ya isa. In kun ga sanarwar wasa a allo, ku shiga ku zauna, sannan ku zo mu yi gardama. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.