Masu Ra'ayin Mazan Jiya a Amurka: Yaƙi Ya Gundure Su, Zargi Yana Nan

Rashin yardar da masu ra'ayin mazan jiya na Amurka suke nuna wa hukumomin duniya tsohon gado ne. A 1919 da 1920, Sanata Henry Cabot Lodge na jam'iyyar Republican ya jagoranci adawar da ta hana ƙasar shiga Ƙungiyar Ƙawancen Ƙasashe, bisa hujjar cewa majalisar Amurka kaɗai ke da ikon tura sojojinta yaƙi. A 1984 kuma Shugaba Ronald Reagan ya fitar da ƙasar daga UNESCO.

Harin 11 ga Satumban 2001, wanda ya halaka kusan mutum 3,000, ya ba ɓangaren da ke ganin ana iya dasa dimokuraɗiyya da bakin bindiga damar riƙe akala. Kwana shida da harin, Shugaba George W. Bush ya ziyarci Cibiyar Musulunci ta Washington, ya ce Musulunci addinin zaman lafiya ne, yaƙinsa da 'yan ta'adda ne. Sai dai a 2002 gwamnatinsa ta janye sa hannun Amurka daga yarjejeniyar Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, a Maris 2003 kuma ta afka wa Iraƙi ba tare da sahalewar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Makaman ƙare dangin da aka yi yaƙin dominsu ba a same su ba.

Gawarwakin sojoji da maƙudan kuɗin da Iraƙi ta lashe suka sanyaya gwiwar magoya bayan jam'iyyar. A 2016 Donald Trump ya fito fili ya kira yaƙin babban kuskure, kuma 'yan Republican suka tsayar da shi takarar shugaban ƙasa, ya kuma ci zaɓe. Daga nan hankali ya koma kan tsare iyaka: a 2017 aka hana 'yan wasu ƙasashe masu rinjayen Musulmi shiga Amurka, ciki har da Sudan, daga baya Chadi, a 2020 kuma aka taƙaita bizar ƙaura ga 'yan Najeriya. A shekarar ne gwamnatin Trump ta ƙulla yarjejeniya da Taliban a Doha, ta kuma ƙaƙaba wa babbar mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, Fatou Bensouda 'yar Gambiya, takunkumi.

Daga 2001 zuwa 2020, ra'ayin da yawansu kan yaƙi ya juya, harshensu kan Musulmi ya ƙara kaushi. Amma tun daga Lodge har Trump, ba kasafai suke amincewa wata hukuma a ƙetare ta yanke wa Amurka hukunci ba.