Ilmin Da Ke Cikin Ƙwarya

Wani matashi da ya kammala karatun injiniyan haƙar ma'adinai ya tambaye ni, bayan na ajiye aiki, wace fasaha ce za ta buɗe masa ƙofar sana'armu, yana zaton zan ambaci kwamfuta da taswirar tauraron ɗan'adam. Sai na ce masa ya fara da wankin kuza a ƙwarya.

A zamaninmu, a filayen Bukuru da Barikin Ladi, ba a ba sabon injiniya tebur sai ya yi watanni yana bin ayarin masu haƙa da na'urar Banka, inda wasu ƙarti ke tsaye bisa faifan ƙarfe suna dukan ƙasa, wasu na juya bututun, ana fito da yashi mataki-mataki. Heluman da ya rene ni, Allah ya jiƙansa da rahama, bai taɓa zama ajin boko ba, amma idan ya karkata ƙwarya cikin ruwa ya rinƙa kaɗa ta har farin yashi ya zube, kuza ta kwanta a gindi, yakan faɗi nauyinta kafin a ɗora ta bisa mizani, kuma da wuya mizanin ya ƙaryata shi. Asalinsa daga mutanen Liruwe yake, waɗanda ke narka dalma tun kafin 'yan Kamfanin Neja su biyo sawunta a 1902, kuma yakan tuna mana wannan da alfahari duk sa'ad da wani baƙo ya nemi koya masa aikinsa.

Abin da heluman ya fi tsananta mini a kai shi ne amana: in rubuta abin da rami ya bayar, ba abin da manaja ke muradin ji ba, domin alƙalami ɗaya na ƙarya yakan jawo a kai injin haƙa inda babu komai, a yi hasarar dukiya, a kori leburori da iyalansu.

Da farashin kuza ya faɗi a 1985, kamfanoni suka watse, irin waɗannan dattawa suka koma gida ba wanda ya rubuta ilminsu, wannan kuwa yana ci mini rai har yau. Saboda haka nasihata ga ɗalibi ita ce ya riƙe hisabinsa da na'urarsa, amma ya nemi sauran tsofaffin da ke raye, ya durƙusa gabansu da ladabin almajiri, tun kafin ajali ya riga shi gare su.