Biya Gwargwadon Sakamako: Tarihin Wata Tsohuwar Gardama Kan Jarrabawa

Ina aji shida na firamare, saura wata huɗu a yi jarrabawar shiga sakandare, sai malaminmu ya shigo wata safiya ya ce daga ranar an jingine darasin Hausa da aikin gona da zane. Ba abin da za mu riƙa yi sai lissafi da Ingilishi da tsofaffin tambayoyin shekarun baya. Haka muka yi ta haddar amsoshi har ranar ta zo, yawancinmu kuwa muka ci. Amma da na shiga sakandare aka ce in rubuta wa mahaifina wasiƙa, sai na kasa haɗa layi biyar masu ma'ana. Na daɗe ina ganin laifin malamin nan. Sai da na zo jami'a na karanta tarihin ilmi, sannan na gane shi ma da sakamakonmu ake auna shi, kuma wannan matsala ta haura shekara 160 ana gardama a kanta. Tarihin nan nake so in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda za su riƙi alli in sun gama.

A Ingila abin ya faru. Tun 1833 gwamnatin ƙasar take tallafa wa makarantun 'ya'yan talakawa, waɗanda galibi ƙungiyoyin coci ne ke gudanar da su, kuɗin kuwa kullum sai ƙaruwa yake yi. A 1858 aka kafa kwamiti a ƙarƙashin Duke na Newcastle don ya bincika. Rahotonsa na 1861 ya nuna malamai sun fi kula da manyan yara masu ƙoƙari, ƙanana kuwa an bar su, har yaro ya bar makaranta bai iya karatun kirki ba. Kwamitin ya ba da shawara a riƙa jarraba kowane yaro shi kaɗai, a ɗaura kuɗin tallafi a kan abin da ya ci.

Robert Lowe, wanda ke riƙe da sha'anin ilmi a gwamnati, shi ya mai da shawarar doka a 1862. Ga yadda aka tsara: makaranta za ta sami sule 4 a shekara kan kowane yaro saboda zuwa makaranta, da sule 8 kan kowane yaron da ya wuce shekara shida in ya ci karatu da rubutu da lissafi. In ya faɗi ɗaya daga cikin ukun, sai a zabtare sule 2 da kwabo 8. Aka kasa aikin mataki shida, sufeto ya riƙa zuwa sau ɗaya a shekara ya jarraba yara ɗaya bayan ɗaya, da ma'auni iri ɗaya a ko'ina. Lowe ya shaida wa majalisa cewa tsarin nan in bai yi araha ba zai yi inganci, in kuwa bai yi inganci ba zai yi araha.

Arahar dai an same ta, domin tallafin ya sauko daga sama da fam 800,000 a 1861 zuwa wajen fam 640,000 a 1865. Batun inganci shi ne ya jawo gardama. Matthew Arnold, marubuci ne kuma sufeton makarantu tun 1851, ya soki tsarin tun 1862, ya kuma ci gaba da suka a rahotanninsa. Ya lura ana iya horar da yaro ya ci jarrabawar karatu alhali bai iya karatu ba: a riƙe littafi ɗaya shekara guda ana maimaitawa har yaro ya haddace, ranar da sufeto ya zo sai ya zuba. Tarihi da labarin ƙasa, da yake ba su kawo ko kwabo, sai suka yi baya. Yaro mai kaifin basira ba a damu da ya wuce matakinsa ba, tun da ba ƙarin kuɗi a ciki. Har yaran da ba su da lafiya akan ɗauko daga gida ranar jarrabawa don kada a yi asarar sulallansu. Idan kiɗa ya sauya, ai rawa ma sai ta sauya.

Duk da haka, adalci shi ne mu faɗi hujjar Lowe. Kuɗin jama'a ne ake kashewa, jama'a kuwa suna da hakkin su san abin da suka saya. Kana tsarin ya tilasta wa malami ya dubi yaron da ke zaune a can baya, domin sulensa daidai yake da na zaƙaƙurin aji. Gwamnati ta yi ta gyare-gyare, tana ƙara darussan da za a biya kuɗi a kansu, har a 1890 aka rushe yawancin tsarin, kafin ƙarnin ya ƙare kuma aka yi watsi da saura. Edmond Holmes, wanda ya kai matsayin babban sufeto, ya fito a littafinsa na 1911 ya la'anci tsarin da shi kansa ya yi shekaru yana aiwatarwa.

Wannan iska ta kaɗo har ƙasarmu. Dokar ilmi ta 1882, wadda ta shafi Gwalkwas da Ikko, ta ɗaura wani kaso na tallafin makarantun mishan a kan yawan yaran da suka ci jarrabawar sufeto. A dokar Lugga ta 1916 kuwa, kashi 40 cikin ɗari na makin da ake ba makaranta don tallafi daga sakamakon jarrabawa yake fitowa, saura kuma daga tarbiyya da malamai da gine-gine.

Abin mamaki, bayan shekara 140 sai ga Amurka ta bi sawun Lowe. A Janairun 2002 Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan wata doka da ta wajabta jarraba yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, makarantar da ta yi ta gazawa kuma a hukunta ta, har ana iya sauya ma'aikatanta. Hujjar ita ce ta Lowe, watau kada a bar ɗan talaka a baya. Sakamakon ma ya yi kama. A birnin Atlanta bincike ya gano a 2011 cewa a makarantu 44 an yi maguɗi, har malamai na goge amsoshin yara suna gyarawa, a 2015 kuma kotu ta sami mutum 11 da laifi. A ƙarshen shekarar aka sake dokar: aka bar jarrabawa, aka mayar wa jihohi ikon yanke abin da za a yi da sakamakon.

To, me muka koya? A ganina jarrabawa mudu ce, kasuwa kuwa ba ta ci sai da mudu. Ɗan ƙauyen da ba shi da kowa, takardar sakamako ce ke tsaya masa a gaban ɗan mai hali. Amma ranar da aka ce abincin mai awo ya rataya a kan abin da mudun ya nuna, ranar ce za a fara bubbuge gindin mudu. Saboda haka duk wanda ya ce a auna malami ko makaranta da yawan waɗanda suka ci kaɗai, sai mu tuna masa da 1862, mu tambaye shi wane darasi ya yarda a jingine. Malaminmu na aji shida kuwa, na yafe masa tuni. Allah ya sa mu fi shi sa'a in namu lokacin ya zo, amin.